A'isha Fallatiya, 'yar malamin allo da ta buɗe wa mata ƙofar rediyon Omdurman

Ranar 24 ga watan Fabrairu na 1974 Allah ya yi wa A'isha Musa Ahmad rasuwa a birnin Omdurman na ƙasar Sudan. Ba kowa ya san ta da wannan suna ba. A bakin jama'a ita ce A'isha Fallatiya, mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Sudan, wadda ta bar waƙoƙi sama da 150. Dattawan Kano da Kaduna da suka yi zamani da rediyon shekarun 1960 sun san muryar, ko da wasunsu sun manta mai ita. Su kuwa Hausawan Jazira da na gaɓar Shuɗin Nilu, tasu ce ta jini, domin hanyar da ta kai kakanninsu can ita ce ta kai iyayenta.

Hanyar gabas

Iyayen A'isha mutanen ƙasar Sakkwato ne. Mahaifinta, Malam Musa, Bafulatani ne masanin fiƙihu, mahaifiyarta kuma Bahaushiya. Niyyar aikin hajji ce ta fitar da su daga gida. A wancan zamani hajji tafiyar ƙafa ce da jaki, ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan har zuwa gaɓar Bahar Maliya, kuma takan ci shekaru. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara abin da aka tara, a ƙara gaba. Wani ya kai Makka ya dawo, wani ya yi aure a hanya, ya haihu, zango ya zama gari.

Ayarin ya ƙaru bayan 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, suka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, ya sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanen yamma ne ya yi babban rabo na tsinkar audugar da gyaran magudanan ruwa. Ƙauyukan Hausawa da dama na yankin daga nan suka samo tushe.

Mutanen Sudan suka haɗa duk waɗannan baƙi, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, suka kira su da suna ɗaya, Fallata. Asalin kalmar sunan da Barebari ke kiran Fulani da shi ne. Amma a bakin mutanen birni a kan Nilu ta ɗauki wani nauyi na raini: mai aikin ƙarfi, baƙo, wanda Larabcinsa ke da gargada. Wannan kalma ce daga baya aka buga a kan faifan A'isha.

An haife ta a Kassala, garin da ke gindin duwatsun Taka kusa da iyakar Eritiriya, a farkon ƙarni na 20. Ita ce babba cikin 'ya'ya bakwai. Iyalin suka koma Omdurman, inda mahaifin ya buɗe makarantar allo, wadda mutanen can ke kira khalwa. A nan ta zauna cikin almajirai ta koyi karatun Alƙur'ani da hadda. Waɗanda suka yi nazarin waƙarta suna danganta ƙwarewarta da wannan karatu, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban malamin tajwidi zai gane dalili. Yaro yakan koyi inda kowane harafi ke fita, ya koyi jan madda gwargwadonta, ya koyi ajiye numfashi har ƙarshen aya. Ga yarinyar da ake yi wa danginta dariya a kan lafazi, fitar da Larabci tsaf ba ƙaramin makami ba ne. Malam Musa ya ba 'yarsa kayan aikin sana'ar da zai zo ya ƙi jini, bai sani ba.

Daga gidan biki zuwa Alƙahira

Tana da shekara goma sha huɗu ta fara waƙa a gidajen biki. Bikin Sudan yana da ɓangaren mata, inda zabiya ke zama da dalluka, wata ganga ta yumɓu da aka rufe bakinta da fata, tana kiɗa tana waƙa amarya na rawa. Ana son zabiya a ranar biki, ana yi mata kari, amma ba a son ta a cikin dangi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A ƙasar Hausa ma an ji daɗin amadar Barmani Choge da ta Uwaliya Mai Amada, amma gidajen malamai nawa ne za su yarda 'yarsu ta zauna gaban ƙwarya?

Saboda haka bai kamata a yi gaggawar mai da Malam Musa azzalumin labarin ba. Mutum ne da ya fito daga ƙasar da mace mai waƙa ta ƙwarai ita ce irin Nana Asma'u 'yar Shehu, mai tsara baitoci don karantarwa, sauran kuwa roƙo ne, roƙo kuma gado ne na wasu gidaje. Ga shi baƙo a ƙasar da ake neman abin da za a ƙara raina shi da shi, mutuncinsa na malami shi ne dukan jarinsa. Ya yi abin da iyaye da yawa ke yi: ya aurar da ita don waƙar ta mutu. Auren ne ya mutu. Bayan shekara biyu, ba haihuwa, suka rabu, ta koma gidajen biki.

Omdurman na lokacin tana da waƙar birni iri biyu. Akwai wadda daga baya aka sa wa suna haƙiba, ta maza, mai baitoci masu nauyin Larabci, wadda irin su Khalil Farah da Sarur da Karoma suka yi fice da ita tun shekarun 1920. Akwai kuma tumtum, wadda ta ɓullo a shekarun 1930 daga wajen Kosti a kan Farin Nilu, a bakin matan unguwannin talakawa. Kalmominta sauƙaƙa ne, kiɗanta na sa rausaya, tana magana a kan soyayya da kewa da direban mota da ya yi tafiya bai dawo ba. Masu ilimi suna yi mata kallon waƙar banza, suna kuma sauraronta. A'isha ta tumtum ce, kuma ita ce ta ɗauke ta daga tsakar gida ta kai ta inda ba a zata ba.

A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji ta, aka kai ta Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi. Faifan garmaho na lokacin yana ɗaukar kimanin minti uku ne a kowace fuska. Waƙar biki kuwa ba ta da agogo, tana tafiya muddin amarya na rawa. Dole mai waƙa ta zaɓi baitin da za ta bari da wanda za ta zubar, ta san inda amshi zai shigo, ta rufe kafin allura ta kai ƙarshe. Wannan aikin tsara waƙa ne, ko da ba a rubuta sunan wanda ya yi shi a matsayin mai tsarawa ba.

Abin da aka rubuta a kan faifan shi ne A'isha al-Fallatiya. Fayafayan suka dawo Sudan suka shiga gidajen gahawa, inda maza ke taruwa. Mutumin da ba zai bari a gan shi a ɓangaren mata na gidan biki ba, yanzu yana zaune da finjalinsa yana cewa a sake sa faifan Bafallatiya. Sunan raini ya zama sunan da ake nema da kuɗi, ita kuma ba ta canza shi ba har ta mutu.

Yaƙi da rediyo

Yaƙin Duniya na Biyu ya iso Sudan ta garin haihuwarta. A watan Yuli na 1940 sojojin Italiya suka kama Kassala, ba su fita ba sai a Janairun 1941. Rundunar tsaron Sudan ta yi yaƙi tare da Ingila a Eritiriya da Habasha, daga baya kuma a hamadar Libiya. Hukuma na bukatar abin da zai kwantar wa sojoji hankali, sai aka riƙa kai mawaƙa sansanoni. A'isha na cikin waɗanda suka je. Waƙarta Yijo Aidin, addu'ar Allah ya dawo da sojoji gida lafiya, ta fito daga wannan zamani, kuma ta daɗe a bakin mutane bayan an manta sunayen kwamandojin.

Yaƙin ne kuma ya haifi gidan rediyon Omdurman a 1940. Turawa sun kafa shi don yaɗa labaran fagen daga, a wani ɗan ɗaki na gidan waya, shirin rabin awa a rana, mutane na taruwa a fili gaban lasifika. Ba a daɗe ba aka gane labari kaɗai ba ya tara jama'a, aka shigo da mawaƙa maza. A 1942 aka shigo da A'isha. Ba ita kaɗai ta zo ba, tana tare da ƙanwarta Jidawiya, mai kaɗa ud, wato garayar Larabawa mai ƙaton ciki da gajeren wuya.

Masu sauraro suka yi murna. Masu ra'ayin riƙau suka yi tir, wasu mawaƙa maza kuma suka ƙaurace wa tashar don kada a haɗa su da mace a makirufo ɗaya. Ƙauracewar mawaƙan ta fi zafi, domin su ma ba su daɗe da fita daga irin wannan raini ba. Mawaƙi namiji a Omdurman ta shekarun 1930 ba mutum ne da ake ɗokin ba wa 'ya ba. Rediyo ya fara ba su mutunci, sun sa kwat, an fara kiransu masu fasaha, sai ga zabiya, kuma Bafallatiya, za ta tuna wa jama'a inda sana'ar ta fito.

Tsangwamar ta yi yawa har A'isha ta yi tunanin tattara kayanta ta koma Najeriya. Kalmar komawa a nan tana da ban tausayi, domin a Kassala aka haife ta, a Omdurman ta girma, Larabcin Sudan ne harshen sana'arta. Duk Bahaushen da aka haifa a Kumasi ko Yawunde ko Wad Madani, aka wayi gari aka ce masa ya koma garinsu, ya san irin wannan tunani. Ba ta tafi ba. Farin jininta a wurin masu sauraro ya fi ƙarfin masu ƙauracewa. Daga baya har waƙar haɗin gwiwa ta yi da maza, ciki har da Ahmad Abdurraziƙ, abin da a 1942 ba mai iya kawo shi a rai.

Ta sake aure, kuma a gidan mijinta na biyu ta haifi dukan 'ya'yanta. Tana yawan zuwa Masar, inda take da masoya, amma Omdurman ce gida.

An fi saninta da waƙoƙin soyayya, waɗanda akasari maza mawallafa ne suka rubuta baitocinsu. Sai dai ta yi waƙoƙin siyasa, ta goyi bayan 'yancin mata da haƙƙin ma'aikata da neman 'yancin kai. Sudan ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairun 1956. Shekara guda bayan haka aka yi dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda ta ɗaura asalin ɗan ƙasa a kan zaman kakanni a Sudan tun ƙarshen 1897. Yawancin mutanen Mai Wurno da leburorin Jazira bayan wannan shekara suka iso. Haka aka samu ƙasar da ke rera waƙoƙin Bafallatiya a ranar murna, tana kuma tambayar danginta takardar shaida a ofis. An sassauta dokar daga baya, amma tambayar ba ta mutu ba. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya ci rayuka da yawa, a kan wa ke da ikon ƙasa da sarauta ya tashi, kuma a Kassala ma Hausawa sun fito zanga-zanga a kansa.

Ba ta yar da harshen uwarta ba. Ta yi wa Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, waƙar maraba da Hausa, da rakiyar makaɗan zamani irin na Sudan, kuma waƙar ta zaga Arewacin Najeriya ta rediyo a shekarun 1960. Ga masu sauraro da suka saba jin mace da ƙwarya ko shantu, jin Hausa a bakin mace a kan goge na Turawa da ud sabon abu ne. Ta ci gaba da waƙa har cikin waɗannan shekaru, yawancin abin da ta ɗauka kuma a rediyon Omdurman ne.

Abin da ɗalibin kiɗa ke samu a littafi

Jidawiya ta cancanci a tsaya a kanta. Mace ce da ta riƙe ud a bainar jama'a a farkon shekarun 1940, har ta yi ƙungiyar makaɗa tata. Sunanta bai kai na yayarta nisa ba, domin jama'a sun yarda mace ta ba da murya tun kafin su yarda ta riƙe kayan kiɗa ko ta ƙago kari. An daɗe kafin Sudan ta samu macen da aka amince da ita a matsayin mai tsara kiɗa, wato Asma Hamza, gwanar ud da ta rasu a 2018. A tsakani an yi Muna al-Khair da Hawwa al-Tagtaga, sannan 'yan'uwan nan uku, al-Balabil, da suka fito a 1971. Dukansu ta ƙofar 1942 suka shiga. Matan Kosti da na unguwannin Omdurman da suka ƙago karin tumtum da yawa kuwa, ba a rubuta sunayensu a kan faifai ba, sai dai a ce waƙar gargajiya.

Wannan mantuwa ba ta Sudan kaɗai ba ce, kuma malaman fiyano a Turai sun fara jin kunyarta. Fanny Mendelssohn ta tsara kiɗa sama da 400, amma shida daga waƙoƙinta da sunan ƙaninta Felix aka fara buga su. Louise Farrenc ta zama farfesar fiyano a babbar makarantar kiɗa ta Paris a 1842, ta yi shekara talatin tana koyarwa, kuma sai bayan 1850 aka daidaita albashinta da na maza. Clara Schumann ta koyar a Frankfurt daga 1878, an san ta a matsayin gwanar kaɗawa da matar Robert, aka jingine abin da ta tsara. Takardun kiɗan Florence Price, baƙar fatar Amurka da ƙungiyar makaɗan Chicago ta kaɗa aikinta a 1933, a wani kangon gida na jihar Illinois aka tsinci tarinsu a 2009. A 2015 wata ɗalibar sakandare a Ingila ta ƙirga ayyuka 63 da ke manhajar jarrabawar kiɗa ta hukumar Edexcel, ba ta samu na mace ko ɗaya ba, ta tara sa hannu har aka gyara manhajar.

Bambancin shi ne waɗancan matan sun bar takarda. Kiɗansu a rubuce yake, ko bayan shekara ɗari ana iya buɗe akwati a ɗora a kan fiyano. A'isha da Jidawiya murya da faifai suka bari. Makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo ta Khartum, wadda yanzu kwaleji ce a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, sai a 1969 aka buɗe ta, shekara biyar kafin rasuwar A'isha, lokacin ƙarfinta ya riga ya ja baya.

Ga malamin da ke koyar da fiyano a Khartum ko a cibiyar Alhaji Taya ta Yamai ko a wata kwalejin ilimi ta Arewa, akwai wani sauƙi da ba kowa ya lura da shi ba. Fiyano na da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma baƙaƙen a jere suke biyu da uku, biyu da uku. Waɗannan biyar ɗin su ne tsanin sauti mai hawa biyar da waƙar birnin Sudan ke tafiya a kai, kuma shi ne kunnen Bahaushe ya saba da shi a yawancin kiɗansa. Waƙar Masar tana da sautuka da ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli, fiyano ba ya iya fitar da su. Karin A'isha kuwa yana zama a kai, yaro na iya lalubo shi da yatsa ɗaya a makonsa na farko. Abin da fiyano ba zai kama ba shi ne lanƙwasar muryarta tsakanin sauti da sauti, wannan sai an saurara. A maƙwabciya Habasha, Emahoy Tsege Mariam, wadda ta rasu a 2023 tana da shekara 99, ta nuna cewa ana iya gina cikakken kiɗan fiyano a kan irin wannan tsani, kuma ɗalibai a ƙasashe da dama suna kaɗa ayyukanta yanzu saboda an rubuta su an buga.

Kafin a rubuta na A'isha sai an samu abin da za a saurara. Faifan garmaho yana fashewa, tef yana ruɓewa, kuma mafi yawan waƙoƙinta a ɗakin ajiyar rediyon Omdurman suke. A watan Afrilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke, dakarun RSF suka mamaye harabar gidan rediyo da talabijin ɗin, suka riƙe ta har watan Maris na 2024 da sojoji suka ƙwace. Jazira ma ta sha nata, Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, soja suka dawo a Janairun 2025, mutanen ƙauyuka da na sansanonin leburori suka watse da abin da hannu zai iya ɗauka. Abin da ke yawo a YouTube da wayoyin mutane na waƙoƙinta kaso ne kaɗan daga cikin 150 ɗin, yawanci kwafi ne daga tsofaffin kaset, da ƙarar allura a bayansu, wasu ma an sa musu sunan mawaƙan da suka maimaita su daga baya.